Nisan Kano zuwa Jidda a jirgin sama

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin tambayi nisan da ke tsakanin Kano da Jidda, da awowin da Inna za ta yi zaune a jirgi tunda ƙafarta na kumbura. Allah ya ƙara mata lafiya, ya karɓi umararta.

Idan aka ja layi miƙe daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz, kusan kilomita 3,400 ne. Kafin yaƙin Sudan na 2023, jirgi kan bi ta saman Chadi, ya ratsa Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya ya sauka. A haka awa huɗu da rabi zuwa biyar ce.

Amma kada ki dogara da wannan lissafin kaɗai. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo sosai. Don haka ki tambayi mai sayar da tikitin hanyar da za a bi, musamman in akwai tsayawa a Addis Ababa ko Alƙahira, domin zaman jira kaɗai na iya cinye yini guda. Ga tsohuwa, gara a ƙara kuɗi a samu mai tafiya kai tsaye.

Sannan agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, shi ke sa lokacin tikiti ya rikita mutane. A nema mata kujerar bakin hanya, ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa, a kuma nemi keken guragu tun daga Kano.