Tramol a Gida: Tambayoyinku da Amsoshin Ma'aikatan Lafiya

Assalamu alaikum. Ɗana ɗan acaɓa ne, shekarunsa 22. Sau biyu ke nan yana faɗuwa yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Dangi sun ce iska ce, amma na tsinci katin tramol a aljihunsa, an rubuta 225 a jiki. Kawunsa ya ce a sa masa mari, wato a ɗaure shi. Ina mafita? Daga wata uwa, Garwa, Kamaru.

Wa'alaikumus salam, Inna. Allah Ya ba shi lafiya. Abin da kika bayyana ya yi daidai da farfaɗiyar da tramol ke jawowa. A asibiti ba a wuce miligiram 400 a yini, shi ma a rarrabe, 50 ko 100 a lokaci guda. Ƙwaya biyu masu 225 sun riga sun haura wannan iyaka. Wanda kuma ya kwana a kan babur, ciki ba abinci, ido ba barci, ko bai sha da yawa ba tana iya kayar da shi.

Idan ya sake faɗuwa, a janye wuta da duk wani ƙarfe daga kusa da shi, a sa tsumma ƙarƙashin kansa, a duba agogo. Kada a danne shi. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki: mutum ba ya haɗiye harshensa, haƙori kawai za a karya. Ruwa, madara, manja, ko rubutu, duk a dakata da su sai ya farfaɗo sarai, don wanda ba ya cikin hayyacinsa abin huhu yake tafiya. Da jijjigar ta lafa, a kwantar da shi a gefensa, fuska ta ɗan kalli ƙasa. In ta wuce minti 5, ko ta dawo kafin ya farka, sai asibiti nan take.

Akwai haɗari na biyu wanda ya fi wannan kisa, domin shi ba ya zuwa da hayaniya. Tramol dangin kodin ce, tana rage numfashi, musamman in an haɗa ta da giya irin arki da bilbil, maganin tari mai kodin ko maganin barci diyazafam. Yaro zai kwanta yana wani irin minshari, gida a ɗauka gajiya ce. Ki kira sunansa da ƙarfi, ki murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsu. In bai motsa ba, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Ƙasa da 10, ga ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, ga leɓe ya sauya launi: wannan ba barci ba ne. A ɗaga haɓarsa, a toshe hanci, a hura masa iska a baki sau ɗaya duk daƙiƙa 5, wani kuma ya nemo mota. A tafi da katin ƙwayar, a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha. Akwai allurar da ake kira nalokson mai dawo da numfashi cikin mintuna kaɗan, sai dai ba ta hana farfaɗiya, kuma ƙarfinta na gushewa cikin minti 30 zuwa 90 alhali tramol na nan a jini. Saboda haka ko ya farka, kada a yi gaggawar komawa gida.

Batun mari kuwa, muna roƙon kawu ya janye. Wanda aka ɗaure ya yi wata biyu bai sha ba, jikinsa ya manta da juriyar da ya saba. Ranar da aka kwance shi, in ya koma wa adadinsa na da, wannan adadin ne zai iya kashe shi. Haka abin yake ga wanda ya fito daga kurkuku. Ki zaunar da shi lokacin da yake cikin hankalinsa, ki nemi alkawari uku kawai a yanzu: ba haɗawa da giya ko wata ƙwaya, ba sha a ɗaki shi kaɗai da ƙofa a kulle, ba hawa babur a ranar da ya sha ko ya faɗi.

Shekara uku ina shan tramol don ƙarfin dako. Na gwada bari sau huɗu, kwana biyu sai in ji kamar zan mutu. Daga wani matashi, Kusiri.

Ɗan'uwa, ba raunin zuciya ba ne, jiki ne ya saba. Ciwon bari yakan fara cikin yini guda bayan sha na ƙarshe, ya yi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya sassauta cikin mako guda: hamma, zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci. Tramol tana ƙara da nata, wato firgici da jin kamar lantarki a jiki, wasu har gane-gane. Kana komawa sha ne daidai wurin da ya fi zafi.

Sauka a hankali ta fi yankewa. Ka rubuta abin da kake sha a yini na tsawon mako guda, ba ragi, ka kai wa likita a asibitin lardi ka ce kana son a tsara maka ragewa. Yawanci ana cire kashi ɗaya cikin goma duk mako ɗaya ko biyu, wanda ya daɗe yana sha kuma a tafi da shi a hankali fiye da haka. Matsalar ƙwayar kasuwa ita ce lambar da ke jikin katin ba abin dogaro ba ce. Tun da Indiya ta tsaurara dokar tramol a 2018, wasu ƙwayoyi masu kama da ita, irin haɗin tafentadol da karisofrodol, suka shigo kasuwannin Afirka ta Yamma, kuma sun fi ta danne numfashi. Kafin ka ga likita, kada ka ƙara wata don ta farko ba ta kama ba: takan ɗauki awa guda kafin ta fara aiki, ta kai ƙarshen ƙarfinta a awa biyu zuwa uku. In gudawa ta zo, ka haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ka riƙa sha.

Ni limami ne. Koya wa masu shaye-shaye irin waɗannan dabaru, ba ɗaure musu gindi ba ne? Daga Marwa.

Allah gafarta Malam, tambayar a kan hanya take. Dokar Kamaru ta 1997 kan miyagun ƙwayoyi tana nan, ba mu kuma ce kowa ya sha ba. Amma yaron da ya mutu a daren nan ba zai zo gobe ya tuba ba, kuma wanda aka kora daga gida dila ne kaɗai ya rage masa abokin shawara. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2014 ta ba da shawarar a sa nalokson a hannun mutanen da za su iya tarar da wanda ƙwaya ta kwantar, ba ma'aikatan asibiti kaɗai ba.

Maganar liman tana kaiwa inda tamu ba ta kaiwa. Malam ya gayyaci ma'aikacin jinya ya nuna wa shugabannin 'yan acaɓa da 'yan dako yadda ake kwantar da mutum a gefe da yadda ake hura numfashi. Awa ɗaya ta isa. Ku je tare da mai unguwa wurin shugaban asibitin gunduma ku tambaya ko akwai nalokson a ɗakin gaggawa, in babu ku rubuta buƙata ku sa hannu. Ku kuma zauna da jami'an tsaro na yankin a fahimci juna, cewa wanda ya kawo abokinsa asibiti a sume ba shi ne abin kamawa ba, domin tsoron kamu ne ke sa samari su gudu su bar ɗan'uwansu a kango. Masu ɗaukar yara aikin gona ko gini su ba su ƙwaya a madadin hutu da abinci, su ma Malam ya kira su ya yi musu magana, a keɓe tukuna, in sun ƙi sai a kan mumbari.