Tambaya da Amsa: Kwanso Ya Ƙi Fita, Laifin Bindiga Ne Ko Na Harsashi?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da bindigar farauta mai sakata, mai cin harsashi .308, da lasisina. Shekara shida ina aiki da ita lafiya lau. Kwanan nan na sayi sabon kwalin harsashi na kamfani mai guda ashirin, na harba guda bakwai. Tun daga na huɗu sakatar ta fara tauri wajen ɗagawa. Yanzu kuma idan na ja ta baya, kwanson yana biyo ta amma ba ya tsalle waje, sai na sa yatsa na cire shi. Me ya lalace, kuma zan iya gyarawa da kaina? Daga wani mafarauci.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Kafin komai, ka ajiye harsasai goma sha ukun da suka rage a kwalin nan, kada ka ƙara harba ko ɗaya. Zan dawo kan dalili.

Abubuwa biyu ne suke fitar da kwanso daga bindiga mai sakata, mutane kuma suna yawan haɗa su wuri ɗaya. Akwai ƙugiya, wadda take kama leɓen gindin kwanso ta janyo shi daga mazauninsa. Akwai kuma matunkuɗi, wanda yake wurgo shi waje bayan an janyo shi. Tunda ka ce kwanson yana biyo sakata, ƙugiyarka lafiyarta ƙalau. Matunkuɗin ne ya daina aiki.

Shi ma iri-iri ne. A tsarin Mauser na 1898, wanda bindigogin farauta da yawa suka kwaikwaya, matunkuɗin wani ɗan falle ne na ƙarfe da ke zaune a gefen hagu na jikin bindiga. Idan sakata ta zo ƙarshen tafiyarta, gindin kwanso ya buge shi, sai ya yi waje. A irin wannan, ƙarfin jan da ka yi shi ne ƙarfin wurgin: ka ja a hankali kwanso ya faɗo kusa, ka fizga ya tafi nesa. Na sha ganin wanda ya kawo mini irinta yana cewa ta lalace, ashe lallaɓa sakatar yake yi. A Lee-Enfield ta Ingila kuwa, wani ɗan sukuru ne a bangon hagu yake taimakawa wajen wannan aiki. Iri na uku shi ne wanda ya yaɗu a bindigogin zamani, kamar yadda yake a Remington 700 da ta fito a 1962: ɗan ƙaramin maɓalli mai sifirin a bayansa, yana leƙowa daga rami a fuskar sakata. Kullum yana danne gindin kwanso, da bakin kwanson ya samu sarari sai ya juya shi waje.

Daga bayaninka, taka mai maɓallin ce. Ka tabbata babu harsashi a cikinta, ka cire gidan harsashi, ka zare sakatar, ka kalli fuskarta a wuri mai haske. Maɓallin ya kamata ya ɗan fito sama da fuskar. Danna shi da tsinke mai ƙarfi ko guntun tagulla. Mai lafiya yana shiga da tauri ya dawo nan take. Ina kyautata zaton naka za ka same shi a nutse, ya yi daidai da fuskar sakata, da ɓarɓashi mai launin zinariya kewaye da shi. Wannan ɓarɓashin tagullar kwanso ce.

Yanzu ɗauko kwansuna bakwai ɗin nan, idan ka tsince su, ka juya gindinsu. Nemi wani ɗan da'ira mai sheƙi a kan rubutun da ke gindin. Idan ka gan shi, to ga abin da ya faru. Lokacin da harsashi ya tashi, matsin da ke cikin kwanso yana da yawan gaske. Ƙungiyar SAAMI ta Amurka, wadda aka kafa a 1926 don tsara ma'aunin bindigogi da harsasai, ta sa iyakar .308 a fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci. Tagulla tana jure wannan. Idan matsi ya zarce, sai ta yi laushi kamar ƙullu, ta kutsa cikin ramin matunkuɗi. Kai kuma ka zo ɗaga sakata, fuskarta ta juya, bakin ramin ya yanke abin da ya kutsa. Taurin da ka ji tun harbi na huɗu ke nan, yankakken kuma shi ya cushe ramin har maɓalli ya maƙale. Duba kuma 'yar hular da ke tsakiyar gindin, wadda allura, wato tsinken ƙarfen da ke cikin sakata, take duka don harsashi ya tashi. Idan gefenta mai lanƙwasa ya baje ya cika gurbinsa, ko ta yi tudu kewaye da gurbin allura, ko ta huje, duk shaidar abu ɗaya ce.

Shi ya sa na ce ka ajiye kwalin. Abin da yake damuna da irin wannan matsala shi ne mutum ya gyara matunkuɗi, ya ji daɗi, ya koma ya ci gaba da harba harsashin da ya jawo ta. Sakatar nan tana 'yan inci kaɗan daga idonka.

Amma kada mu yi saurin ɗora wa harsashi laifi. Abu uku za ka fara kawarwa. Mai ko ruwa a mazaunin harsashi yana hana kwanso kama bango, sai ya daki fuskar sakata da ƙarfi fiye da yadda aka saba. Harsashin da ya sha rana ko ya yini a cikin mota mai zafi matsinsa yana hawa. Sannan ka karanta abin da aka buga a jikin bututu ka gwada da na gindin harsashi, harafi da harafi. Idan duk wannan daidai ne, kuma tsohon harsashinka bai taɓa barin irin wannan tabo ba, ka duba murfin kwalin daga ciki ko gefensa, za ka ga lambar rukunin da aka ƙera su tare. Ɗauki hotonta da na gindin kwansunan, ka sanar da kamfanin da wanda ya sayar maka. Da wannan lambar ce kamfani yake janye kaya daga kasuwa idan kuskure ya auku wajen auna albarushi.

Batun gyara kuwa, za ka iya idan kana da haƙuri. Wani ɗan siririn fil ne da ya ratsa kan sakata yake riƙe da maɓallin. Sa tabarau na kariya. Ɗora sakatar a kan katako, ka buga fil ɗin da tsinken ƙarfe wanda kaurinsa ya yi daidai da shi, da ƙaramar guduma, a hankali. Idan ya fita kada ka zare tsinken tukuna, domin shi ne yanzu yake riƙe da maɓalli. Zura kan sakatar cikin farar leda, sannan ka zare. Sifirin ɗin ƙarami ne amma yana da ƙarfi, idan ya yi tsalle a fili da wuya ka sake ganinsa. Idan maɓallin ya ƙi fitowa saboda cushewa, ɗiga masa man da ke sassauta tsatsa, ka bar shi ya kwana, sannan ka riƙa buga fuskar sakata a kan katako. Kada ka sa abin huda, kada ka goga shi da zarto. Wanke ramin da maɓallin sarai, ka shafa mai ɗan kaɗan. Sifirin da ya lanƙwashe ko ya gajarce, sauya shi da sabo na irin bindigar. Wajen mayarwa, akwai ɗan gurbi a jikin maɓallin, shi zai fuskanci inda fil yake wucewa, in ba haka ba fil ba zai shiga ba. Ka gwada da kwanson da aka riga aka harba, ba da harsashi mai rai ba.

Duk da haka, bindigar da ta sha matsin da ya wuce ƙa'ida sau da yawa, ni zan so ƙwararren mai gyara ya auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi da ma'aunansa kafin ta koma daji.

TAMBAYA: Malam, a kwali ɗaya mai harsashi ashirin, uku sun ƙi tashi. Na ja kunama, na ji ƙas, shi ke nan. Harsashin ne ko bindigar? Daga wata mai koyon harbin saiti.

AMSA: 'Yar'uwa, duk lokacin da kika ji ƙas ba ƙara, kada ki taɓa sakata. Ki bar bakin bindiga yana kallon inda kike harbi, ki ƙirga daƙiƙa talatin aƙalla. Akwai harsashin da yake jinkiri kafin ya tashi, idan kuma ya tashi sakata tana buɗe, fuska da hannu ne suke shan abin.

Bayan nan, amsar tana kan hular. Jera ukun da suka ƙi kusa da kwanson da ya tashi. Idan gurbin da allura ta bari ya yi zurfi iri ɗaya, bindigarki ta yi aikinta, hular ce matacciya. Ko dai daga masana'anta ta zo haka, ko kuma laima ko mai ya shige ta a wurin ajiya. Idan gurbin bai yi zurfi ba, sai a duba bindigar. Tsohon mai yakan daskare a cikin sakata ya riƙe allura, musamman lokacin sanyi, wankewa kawai take buƙata. Masu koyo kuma sukan bar hannun sakata bai sauka ƙasa sosai ba, sai wani ɓangare na ƙarfin allura ya tafi wajen ƙarasa rufe ta. Akwai kuma hular da aka dasa ta nutse fiye da kima, wannan za ki ji shi da ɗan yatsa idan kika shafa gindin kika gwada da sauran. Uku cikin ashirin ya yi yawa ga harsashin kamfani. Ki gwada wani kwali na daban: idan duk sun tashi, ki mayar da na farkon tare da lambar rukuninsa. Waɗanda suka ƙi tashi kada a jefa su a shara ko a wuta, ki miƙa su ga mai kula da filin harbi.

TAMBAYA: Na harba, ƙarar ta fito 'yar kaɗan, bindigar ba ta yi shuri a kafaɗata ba, ban kuma ga inda harsashin ya sauka ba. Abokina ya ce in sa wani in harba ya wuce. Daga wani matashi.

AMSA: Ɗana, kada ka bi shawarar nan. Abin da ka kwatanta harsashi ne da aka ƙera ba albarushi, ko da ɗan kaɗan. Ƙarfin hula kaɗai yakan isa ya tura ƙwayar ta shiga bututu ta tsaya a hanya. Idan ka aika wani a bayanta, bututun zai kumbura ko ya tsage a hannunka. Na taɓa riƙe bututun da aka yi wa haka, ya buɗe gida uku, mai shi kuma ya rasa yatsu biyu na hannun hagu.

Cire sauran harsasai, zare sakata gaba ɗaya, ka leƙa ta baya kana fuskantar haske. Idan ba ka ga haske ya ratso ba, ƙwayar tana ciki. Ka kai wa mai gyara ya fitar da ita da sandar tagulla, ya kuma duba ko bututun ya yi kumburi. Kwanson da ya fito da kwalin da ka ɗauko shi, ka tafi da su tare.