Shin Faɗuwar Kustantiniyya ce ta Farfaɗo da Ilimin Dā a Turai?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa da Turkawa suka ci birnin Kustantiniyya a 1453, sai malaman Girka suka gudu Italiya da littattafansu, daga nan Turawa suka koma karatun magabata. Haka abin yake?

Amsa: Akwai ƙamshin gaskiya, amma lissafin shekaru bai goyi bayan zancen ba. Ranar da Sultan Muhammad al-Fatih ya shiga birnin, wannan harka ta haura shekara ɗari da kafuwa a Italiya.

Tushenta biranen Italiya ne masu mulkin kansu, irin su Padua da Fulorans. Suna bukatar magatakarda da lauyoyi da suka iya tsara wasiƙa da jawabi cikin Latin mai tsabta, su kuwa suka waiwayi marubutan Rum na dā domin koyon salo. Petrarch, marubucin waƙoƙi na Italiya wanda shi ma ɗan magatakarda ne, ya gano wasiƙun Cicero, mashahurin mai jawabi na Rum ta dā, a Verona a 1345, ya kwafe su da hannunsa. Bayansa Poggio Bracciolini, sakatare a fadar Paparoma, ya riƙa bin gidajen ibada yana tono tsofaffin littattafai. A 1416 ya samo cikakken littafin balaga na Quintilian, malamin Rum ta dā, a gidan ibada na Saint Gall a ƙasar Suwizalan ta yau. Kin ga ke nan littattafan Latin suna nan a Turai, masu karanta su ne suka yi ƙaranci.

Girkanci ma ya riga 1453 isowa. Tun 1397 Manuel Chrysoloras, malami daga Kustantiniyya, ya fara koyar da shi a Fulorans.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke karatun: gwama kwafi da kwafi, da bin diddigin harshe. Da wannan dabarar Lorenzo Valla ya nuna a 1440 cewa takardar da ake cewa Sarki Constantine ya bai wa Paparoma mulkin yammacin daular Rum jabu ce, domin Latin ɗinta ba na zamanin sarkin ba ne.

Kada kuma a haɗa wannan da fassarorin da aka yi daga Larabci a Toledo ta ƙasar Sifen a ƙarni na 12. Waɗancan fassarorin sun ciyar da jami'o'i ne da falsafa da likitanci. Su kuwa malaman Italiya, nahawu, balaga, waƙa, tarihi da tarbiyya suka sa a gaba.

Faɗuwar Kustantiniyya ta ƙaro malamai da littattafai ne kawai. Kadinal Bessarion, babban limamin coci Bagirke, ya ba birnin Venis tarin littattafansa a 1468, kuma a can mai maɗaba'a Aldus Manutius ya buga ayyukan Aristotle da Girkanci tsakanin 1495 da 1498.