Cinyar Suna Ta Ungozoma Ce, Ko a Manila

Yaya, na saurari saƙonki har sau biyu. Kin ce labari ya iske ki a Zariya wai mun ɗauki cinyar dabbar suna sukutum mun kai wa ungozomomin asibiti, kuma duk wanda ya dawo daga gida sai ya kai musu tsaraba. Kina tambaya ko ba a biyansu ne, ko kuwa neman suna muke yi a wurin waɗanda ba addininmu ɗaya ba. Ana biyansu, Yaya, har rasit suka ba mu. Amma bari ki ji yadda daren ya kasance.

Inda na haihu ba babban asibiti ba ne. A nan Filifin akwai ƙananan ɗakunan haihuwa a cikin unguwanni, 'yan gadaje kaɗan, ungozomomi masu lasisin gwamnati ke riƙe da su, in haihuwa ta zo da gardama su miƙa mace babban asibiti. Komadrona suke ce wa ungozoma. Na isa wajen ƙarfe biyun dare a keken haya, ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Babbarsu, wadda kowa ke kira Nanay, wato Inna, ta lura ina naƙuda amma hannuna yana kan ɗankwali ina ta ja. Ba ta ce mini uffan ba. Ta sa mai gadi ya koma bakin ƙofa, ta ja labule, ta ɗauko zanenta na kanta ta rufe mini ƙafafu. Da yaron ya faɗo suka goge shi suka kifa mini shi a ƙirji tun ba a yanke cibiya ba. Wannan ƙa'idar ma'aikatar lafiyarsu ce tun 2009, suna kiranta Unang Yakap, rungumar farko. Abin da babu shi a ƙa'ida shi ne yadda suka yi tsit, su uku, har Baban Amir ya gama kiran salla a kunnen jariri, da yadda ƙaramarsu ta naɗe mana mabiyiya da kyau tun ba mu roƙa ba, ta ce ai kakarta ma binnewa take yi.

Da gari ya waye aka zo da romon zogale. Malunggay suke ce masa, kuma kamar mu, sun yarda yana kawo ruwan nono. Da kaza ake yinsa, amma Nanay ta tuna ba ma cin yankan kowa, sai ta sa aka yi mini da kifi. Wa ya rubuta mata wannan a rasit?

Kwana biyun da na yi, na fi kallon yadda suke yi wa junansu. Mai tashi daga aikin dare ba ta fita sai ta ajiye wa mai karɓarta ɗan burodin safe da suke kira pandesal da kofi a rufe. Wadda ta kwana tsaye kan doguwar naƙuda, sai ka ga wata ta zo ta bayanta tana matsa mata kafaɗa. A jikin firij akwai 'yan takardu manne, wannan tana gode wa waccan don ta riƙe mata aiki ranar da ɗanta ke zazzaɓi. Kuma salamat po ba ta barin bakinsu, ko almakashi aka miƙa wa mace sai ta ce ta gode. Da farko na ɗauka iyayi ne. Daga baya na gane albashinsu bai taka kara ya karya ba, shi ya sa da yawa ke tafiya Saudiyya, suna aiki a asibitocin can. Waɗanda suka zauna, wannan 'yar kulawar ce ke riƙe da su.

Suna da wata magana, utang na loob, bashin da ke cikin zuciya, wanda kuɗi ba ya biyansa. Ban ce duk alheri ba ce, don na ga inda 'yan siyasa ke ɗaure talaka da ita. Amma a ɗakin haihuwa ba ta da maraba da tamu ta yaba kyauta tukwici.

Mu Hausawan nan ba mu da yawa, galibi karatun likita da jinya ya kawo mazajenmu, wasu suka zauna. Ba mu da goggo ko kaka da za ta zo zaman jego. Wankan ma da ganyen gwaba nake yi, wanda ungozomomin ne suka nuna mini, kunun kanwa kuwa sai an aiko kanwar. To, a gida ungozoma ba ta da kasonta a ragon suna? Shi muka ɗauko muka taho da shi. Rago yana wuya a nan, bunsuru muke samu ta hannun 'yan'uwa Musulmi 'yan ƙabilar Maranao da ke kasuwanci a unguwar Kiyapo ta nan Manila, kusa da masallacin nan mai ƙubbar zinariya da aka gina a 1976. In an yanka, cinya ɗaya ta ɗakin haihuwa ce, babu mai musu. Tsaraba kuwa 'yan Filifin ma suna da ita, pasalubong, kuma a wurinsu dawowa daga tafiya hannu rabbana abin kunya ne.

Saboda haka in Malam Sani zai taho bayan Salla, kada ki ba shi kilishi, ƙwacewa suke yi a filin jirgi. Ki sa mini turaren wuta da lalle, da atamfa turmi ɗaya mai ruwan ganye. Zanen Nanay har yau yana wurina, ta ƙi karɓa.