Tambaya da Amsa: Albashi na ƙarewa, ban san inda yake tafiya ba

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wannan mako. Saƙonni sun taru mini a kan abu ɗaya, wato manhajojin nan na waya da ake rubuta kuɗin da aka kashe a gida, sai na zaɓi guda uku da nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Pantami nan Gombe, maigidana direba ne, yaranmu huɗu. Wallahi tun da aka cire tallafin mai a 2023 lissafi ya ƙwace mini, albashi zai shigo ƙarshen wata amma kafin 15 ga wata babu ko sisi kuma in kin tambaye ni me na saya ba zan iya nuna miki wani abin a zo a gani ba. Ƙanwata ta saka min wata manhaja a waya ta ce in dinga rubutawa, na yi kwana biyar na watsar, don rukunan da ke ciki ba irin namu ba ne, har da wajen kuɗin abincin kare da kyanwa, ni kuma kuɗin niƙa da na ɗan garuwa na rasa inda zan saka su. Anti abin nan yana da amfani kuwa ko in haƙura?

AMSA: 'Yar uwa kar ki haƙura, kuma ba laifinki ba ne da kika watsar. Yawancin manhajojin nan a waje aka ƙera su, don gidajen da kusan komai da kati ake biya kuma mutum bai da dangi talatin da ke jiran albashinsa, shi ya sa rukunan da suka zo da su ba su san gidan Bahaushe ba. Amma kusan dukkansu suna bari ki goge rukunin da ba ki so ki rubuta naki, da Hausa ma in kin ga dama, wayar ba ruwanta. To wannan shi ne aikin farko, tun kafin ki rubuta ko naira ɗaya.

Ki zauna ki tuna yadda kuɗi ke fita daga hannunki a rana ta gari. Cefane daban, wato kayan miya da nama da magi da ɗan manja da ake saya kullum. Hatsi daban, buhun masara ko shinkafa ko wake da kike aikawa a auno miki a Tudun Hatsi, don shi sayen lokaci ɗaya ne mai nauyi, in kin haɗa shi da cefane zai rikita miki lissafin watan gaba ɗaya. Sai makamashi, gas ko gawayi ko itace. Sai ruwa da wuta, kuɗin ɗan garuwa da katin mita. Sai makaranta, har da kuɗin tara da na Islamiyya da fensirin da ke ɓata duk sati. Sai kuɗin Keke Napep da acaɓa. Sai kati da data. Sai magani. Kuɗin niƙa ki jefa shi cikin cefane kawai, bai kai a buɗe masa ɗaki ba. Kar su wuce goma ko goma sha biyu, don in suka yi yawa za ki tsaya a bakin shago kina tunanin sabulu ina zai shiga, daga nan gajiya ke farawa.

Rukunin da nake roƙonki da Allah kar ki manta shi ne zumunci. Gudunmawar biki, barka, anko, gaisuwar rasuwa, dubiya a asibiti, ɗan abin da kike tura wa Inna a ƙauye, ƙanin miji da ya zo zai koma makaranta aka ba shi kuɗin mota. Mu ba ma ɗaukar wannan a matsayin kashe kuɗi, muna ganin alheri ne ba a lissafa shi, kuma gaskiya ne alheri ne, amma daga albashin nan ɗaya yake fita. Ni da kaina lokacin da na fara rubutawa na ɗauka cefane ne ke cinye ni, sai ƙarshen wata na buɗe zanen nan mai kama da faifai da manhajar ke yankawa gida-gida, na ga zumunci ne na biyu a girma, a watan an yi biki biyu da suna ɗaya a danginmu. Ban daina bayarwa ba kuma ba zan ce ki daina ba, abin da ya canza shi ne yanzu ina ware masa kasonsa tun ranar da alat ya shigo, in an kawo katin biki na san daga ina zan ciro ba sai na taɓa kuɗin makarantar yara ba.

Sai abin da ke sa mutane da yawa su ga lissafinsu ya ƙi daidaita, wato cirar kuɗi a POS. A manhajar ki buɗe asusu biyu ko uku, ɗaya banki, ɗaya kuɗin hannu, ɗaya OPay ko Moniepoint ko duk wanda kike amfani da shi. In kin ciri dubu 10 wajen mai POS ba ki kashe dubu 10 ba fa, kin dai ɗauke ta daga wannan aljihu zuwa wancan, don haka tiransifa za ki rubuta daga banki zuwa kuɗin hannu. Abin da kika kashe a wurin shi ne cajin da mai POS ya karɓa, shi kaɗai. In kika rubuta dubu 10 ɗin a matsayin kashewa sannan kika je kasuwa kika sake rubuta tumatir da attaruhu da kika saya da ita, kin lissafa kuɗi ɗaya sau biyu ke nan. Cajin POS ɗin da naira 50 da ake cirewa a tiransifar da ta kai dubu 10 da kuɗin alat, su ma ki yi musu rukuni ɗaya, za ki ga abin da suke tarawa. Haka adashi, zubin da kike yi ajiya ce, ki buɗe masa asusu mai suna adashi kina tura masa, ranar da kika kwasa ki dawo da shi. Bashin mai shago kuma ki rubuta ranar da aka karɓo kayan ba ranar da kika biya ba, in ba haka ba watan da aka ci taliyar zai fito fes, watan biya ya fito kamar kin yi almubazzaranci.

Kuma wata na farko kar ki sa wa kanki iyaka ko ɗaya, rubutu kawai. Bayan sallar isha'i minti biyar, ki duba alat ɗin ranar ki ƙirga abin da ya rage a jaka. In naira 200 ta ɓace kin rasa inda ta shiga ki rubuta ta a "ban tuna ba" ki wuce, kar ki ɓata dare a kanta. Ƙananan nan su ne abin nema, naira 300 ta awara da alawar yara kullum in kin haɗa kwana 30 dubu 9 ce cif.

TAMBAYA: Hajiya ina gaisuwa. Ma'aikacin gwamnati ne ni a Bauchi, ina zaune Fadaman Mada. Na ga ana maganar manhajar da ke haɗuwa da asusun banki ta rubuta komai da kanta, wacce za ki ba ni shawara in sauke? Sannan na karanta tsarin 50/30/20, yana aiki a nan?

AMSA: Malam ina amsawa. Masu haɗuwa da banki kai tsaye galibinsu bankunan Amurka da Turai suka sani, wasu kuma kamar YNAB da dala ake biyan kuɗinsu. Ko da ma ta haɗu, rabin kashe-kashenmu a hannu ne, manhaja ba za ta san ka sayi doya a kasuwar Muda Lawal ko ka tsaya wajen mai masa da safe ba, abin da za ta gani kawai an ciri kuɗi. Don haka ni na fi son wadda kake shigarwa da hannunka kuma take aiki ba data, irin su Money Manager. In kana son tsarin ambulan, wato ka raba albashi gida-gida in gida ya ƙare ya ƙare, akwai Goodbudget. In kuma ka saba da kwamfuta a ofis to Google Sheets ko Excel ya ishe ka, layi huɗu ne, kwanan wata, abin da aka saya, rukuni, nawa. Ƙarshen wata ka sauke sitetimen daga manhajar bankinka ka gwada da abin da ka rubuta.

Abu biyu ka kiyaye. Manhajar lissafi ba ta da buƙatar BVN ɗinka ko lambar sirrin katinka ko lambar nan da banki ke turowa ta tes, duk wadda ta nema ko ta ce sai ka ba ta izinin shiga lambobin mutanen da ke wayarka ka goge ta nan take, mun ga yadda masu ba da bashi ta waya suka dinga tozarta mutane wajen danginsu ta wannan hanyar. Na biyu ka dinga fitar da kwafin lissafinka duk wata ka ajiye a Google Drive ko imel, waya na faɗawa ruwa, ana sacewa, kamfani ma na rufewa, manhajar Mint da ta yi suna sosai a Amurka an rufe ta a 2024.

Shi kuwa 50/30/20, wato rabin albashi buƙata, kashi 30 cikin ɗari sha'awa, kashi 20 ajiya, daga Amurka ya zo. Mutumin da ke kusa da mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024, abinci da kuɗin mota kaɗai sun haye rabin, in ya ce sai ya bi wannan zai ga kamar ya gaza alhali ma'aunin ne ba nasa ba. Abin da ya fi maka amfani shi ne manyan da ke zuwa shekara-shekara, haya, kuɗin makaranta zango uku, kayan azumi, ɗinkin sallah, ragon layya, sayen hatsi da kaka lokacin da yake da sauƙi. Ka haɗa su ka raba 12, abin da ya fito ka mai da shi rukuni kana cire shi duk wata. Ka tuna azumi da sallah suna matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, ka duba kalanda kar ka dogara da watan da suka faɗo bara.

TAMBAYA: Anti matana biyu, kowacce ranar girkinta ina ba ta kuɗin cefane iri ɗaya amma ɗaya kullum cewa take bai isa ba. Ina so in saka musu manhajar nan kowacce ta rubuta min abin da ta kashe.

AMSA: Alhaji in ka kawo ta a haka za su ɗauke ta a matsayin tuhuma, kuma lissafin da aka rubuta cikin tsoro ba gaskiya zai gaya maka ba, za a dai cike maka lambobi su yi daidai. Ka fara da kanka, wata guda kana rubuta naka, man mashin, shayi da tsiren majalisa, data, komai, sannan ka zaunar da su ka nuna musu naka tukun. Kuma sati ɗaya ka ɗauki jaka ka shiga kasuwa ka yi cefanen da hannunka da wannan kuɗin da kake bayarwa, ka ga abin da zai sayo yau. Mai yiwuwa wadda ba ta magana tana cikawa ne daga kuɗin sana'arta ba ka sani ba, mai yiwuwa kuma ranar girkin ɗayar ce baƙi suka fi zuwa ko take haɗuwa da ranar da gas ke ƙarewa. In sun yarda, ku buɗe Google Sheets ɗaya ku uku kowa na gani a wayarsa, a ƙara layi ɗaya na yawan bakin da suka ci abinci a ranar. Wadda ba ta da babbar waya ta rubuta a littafi mai bango, kai ka shigar ranar Juma'a da yamma.