Ga ƙanwar da aikin dare ya raba da lokacin addu'arta

Salama a gare ki, ƙanwata. Kin ce tun da aka turo ki aikin jinya a Sakkwato, aikin dare ya raba ki da addu'ar asuba, wata Lahadin ma ana sujada a coci kina wod, wato ɗakin marasa lafiya, kuma tun ranar da wani yaro ya rasu a hannunki, in kin durƙusa bakinki ba ya buɗewa. Kin ƙara da tambayar ko ya dace ki riƙa yi wa marasa lafiya addu'a a bakin gado, tunda yawancinsu Musulmi ne. Na ga waɗanda suka riga ni amsawa sun ce ki ƙara azumi, ki riƙa tashi ƙarfe huɗu. Da zuciya ɗaya suka faɗa, amma da ganin maganar ba su taɓa kwana a tsaye a ɗakin yara cikin watan Satumba ba.

Tsarin da muka taso da shi tun muna FCS, zumuntar ɗalibai Kiristoci, a tashi da asuba, a yi waƙa, a karanta sura guda, na mutumin da ya kwana a gadonsa ne. Ke da asuba kina rabon magani, kina auna zafin jiki, kina rubuta rahoton da za ki miƙa. Muddin kika ce sai wancan tsarin, kullum za ki ga kin gaza, kuma mai jin ya gaza gudun addu'a yake yi. Abin da ya riƙe ni, kuma na ga ya riƙe manyanmu, shi ne ɗaura addu'a a jikin abin da aikin ba ya taɓa tsallakewa. Wanke hannu ne na farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wankin hannu da ruwa da sabulu ya ɗauki daƙiƙa 40 zuwa 60. Addu'ar Ubangiji, in ba a yi ta da garaje ba, tana shiga ciki har ta bar saura. Ki ƙirga sau nawa kike tsayawa gaban famfo a dare guda. Na biyu, lokacin karɓar aiki. Ana bin gado gado ana faɗa miki wane ne, me ke damunsa, ke kuma a zuci kina cewa, "Ubangiji, ga wannan." Shi ke nan. Kafin a kai gadon ƙarshe kin kai kowa gaban Allah da sunansa, ba wanda ya ji. Nehemiya yana tsaye a gaban sarki aka jefo masa tambaya, tsakanin tambayar da amsarsa ya yi addu'a, ki duba sura 2 aya 4. Bai nemi ɗaki ba.

Amma akwai inda ban yarda a raba hankali ba. In kina lissafin maganin jariri bisa nauyinsa, ko kina ƙirga ɗigon ƙarin ruwa, ko kina gwada sunan da ke jikin ledar jini da na kan kati, ki bar addu'a ki yi lissafi. Na sha ganin ma'aikaciya mai yawan waƙar yabo a wod, amma takardar magani ta yi awa biyu ba a duba ba. Wannan ba ibada ba ce. Allah ya ce tashi in taimake ka, in ji masu iya magana.

Maganar yaron nan ita ce babba, bari in daɗe a kanta. Duk wadda ta yi damina a ɗakin yara a garin nan ta san yadda abin yake. Daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje, yara biyu ko uku a gado ɗaya. A kawo yaro daga ƙauye bayan kwana huɗu ana jiƙe-jiƙe, ki buɗe tafin hannunsa fari fat, ki ja fatar ido ba alamar jini. Ki nemi jijiya a hannu babu, a ƙafa babu, har a kai ga aske gefen kai. Uban ya fita neman wanda zai ba da jini, uwar tana tsaye tana kallon fuskarki, ba fuskar ɗanta ba, tana cewa, "Malama, mi kig gani?" Wani lokacin jinin ya iso a makare. Ta yi salati a hankali, ta gyara zane, ta goya shi kamar mai barci don mai mota ya yarda ya ɗauke su. Ke kuwa ko zama ba za ki yi ba, domin akwai wata a bakin ƙofa tana jiran gadon.

Bayan irin wannan, tambaya biyu ke cakuɗewa a zuciya, kuma cakuɗewar ce ke rufe baki. Ta farko: akwai abin da ya kamata a yi ba a yi ba? Wannan ba a gwiwa ake amsa ta ba. Ki ɗauki fayil ɗin ki zauna da babbar sista ko likitan da ke kira a daren, ku bi shi sa'a bayan sa'a. In akwai gyara, a gyara saboda yaron gaba. In babu, ki ji daga bakin wanda ya fi ki sanin aikin. Ta biyu ita ce ta wurin Allah: na roƙe ka, me ya sa? Ita wannan ba sai kin yi mata kwalliya ba. Zabura 88 daga farko har ƙarshe kuka ce, ba ta juya zuwa yabo ba kamar sauran, amma ga ta cikin Littafi Mai Tsarki. Zabura 13 ta fi ta gajarta, aya shida ce, ana iya karanta ta a waya cikin keke napep. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne ke roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya faɗa. Ashe durƙuson da kike yi ba magana yana cikin lissafi. Ga masu cewa da bangaskiyarki ta isa da yaron ya tashi, su karanta 2 Timoti 4:20, inda Bulus da kansa ya ce ya baro abokin tafiyarsa a Militus ba lafiya. Ba wanda ya taɓa cewa bangaskiyar Bulus ce ta gaza.

Kuma ki ci abinci, ki yi barci. Iliya ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa, abin da aka fara ba shi gurasa da ruwa ne, har sau biyu, kafin Allah ya yi masa wata magana. Wadda ta sauka daga dare cikin zafin Afrilu, ma'auni ya haura 40, ga ba wuta, in ta ɗora azumi a kai ba ruhaniya take ƙarawa ba, kuskuren allura take gayyata.

Batun addu'a a bakin gado, amsata a'a ce, sai in mai jinyar ko maras lafiyar ne ya nema. Wanda ya zauna a Sakkwato a watan Mayun 2022 ya san yadda maganar addini ke iya tashi, amma ba tsoro ne dalilina ba. Mutumin da ke kwance, allurarsa da maganinsa suna hannunki, ba shi da bakin ce miki a'a, ko da ransa bai so ba. Amfani da wannan rauni cin amana ne, ko wane addini mai yin sa yake bi. "Sannu Baba, Allah ya ba da lafiya" addu'a ce cikakkiya, kowa zai ce amin. In Musulmi ya zo gargara, ki ja labule, ki kira danginsa su laƙƙana masa kalmar shahada, ki matsa gefe. In Kirista ne ki tambaya ko a kira fasto. Ɗan Katolika kuwa kada a yi jinkirin kiran Fada saboda shafewar marasa lafiya, wurinsu ba ƙaramin abu ba ne. Kiristoci ba baƙi ba ne a aikin jinya a ƙasar nan: a ƙarshen shekarun 1930 mishan na SIM, wato Sudan Interior Mission, suka fara kula da kutare a Amanawa, wurin da a 2020 aka killace masu cutar korona. Wankin gyambo ne ya ajiye sunansu.

Lahadi kuwa da musaya ake samun ta. Ki tsaya wa abokan aikinki ranar Juma'a, da lokacin buɗa-baki a watan azumi, da ranakun Sallah, za ki ga Kirsimeti da Ista sun zo miki ba tare da kin roƙa ba. Makon da ba ta yiwu ba, akwai addu'ar tsakiyar mako, akwai Zumuntar Mata. Ki nemi 'yan FCN, zumuntar ma'aikatan jinya Kiristoci, domin su ba sai kin yi musu bayanin abin da ake nufi da sauka daga dare ba.

Abu ɗaya zan roƙe ki ki sa wa ido. In ya wuce mako biyu barci ya ƙi zuwa ko ranar hutu, abinci ya fita ranki, fuskar yaron tana dawo miki, gabanki na faɗuwa in kin doshi ƙofar wod, to ba fasto kaɗai za ki gani ba. Ki ga likita. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa, akwai kuma asibitin lafiyar ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. In kunyar zuwa ke kaɗai kike ji, ki yi mini magana ta gefe, ranar da hutunmu ya haɗu in raka ki.