Wai da jini ake kwaɓa gurasar Idin Ƙetarewa?

Tambaya: Malam, ina karatu a Manchester. Maƙwabciyata Bayahudiya ta gayyace ni cin abincin daren Idin Ƙetarewa, wanda suke kira Seder. Da na faɗa a gida, sai aka turo mini bidiyo wai da jinin yara suke kwaɓa gurasar. Hankalina ya tashi. In je ko in ba da uzuri?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki. Abin da za ki tarar iyali ne zagaye da tebur, daren 15 ga watansu na Nisan, suna karanta labarin fitar Annabi Musa da Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna, daga wani littafi da ake kira Haggada. Za a miƙo miki ganye mai ɗaci don tuna ɗacin bauta, da ruwan gishiri a madadin hawaye, da wani haɗin tuffa ko dabino da gyaɗar turawa mai kama da laka, wai ƙasar da kakanninsu suka kwaɓa suna yi wa Fir'auna gini. Autan gida ne zai rera tambayoyi huɗu, kuma ki shirya, sai an daɗe ana karatu kafin a kai ga cin abincin.

To, maganar jinin nan. Wallahi na gaji da amsa ta. Gurasar, matsa sunanta, gari ne da ruwa zalla, ko yisti babu. Daga sanda ruwa ya taɓa garin zuwa fitowarta daga tanda ba a yarda a wuce minti 18 ba. Kuma waɗannan mutane Attaura ta haramta musu cin jini kowane iri. Nama ma sai sun jiƙa shi, sun barbaɗe shi da gishiri, jinin ya tsiyaye. Ƙwai in an fasa an ga ɗigon jini a ciki, zubarwa ake yi. Mai zubar da ƙwai saboda ɗigo ɗaya ne zai kwaɓa gari da jinin mutum?

Ƙaryar ma ba tamu ba ce, aro aka yi. A Norwich ta Ingila ta samo asali, a 1144, da aka tsinci gawar wani yaro mai suna William aka ɗora wa Yahudawan garin. Fafaroma Innocent na Huɗu ya ƙaryata ta a 1247, ba ta mutu ba. Ta sa an kashe Yahudawa a Trento ta Italiya a 1475. Da ta ɓulla a Dimashƙu a 1840, Sarkin Musulmi na daular Usmaniyya, Sultan Abdulmajid, ya fitar da takarda ya ce ƙage ne, ya hana. A Kiev ta Ukraine kotu ta wanke Mendel Beilis, wani Bayahude da aka ɗora wa wannan ƙage, a 1913. Duk da haka a 1946 jita-jitar satar yaro ta ci rayuka 42 a Kielce ta Poland. Yau kuma wani ya naɗa rawani, ya kunna kyamarar waya, yana maimaita ta kamar ya gano sirri, mutane suna turawa ba su tambayi madogararsa ba. Fushin da mutum ke yi da gwamnatin Isra'ila daban, ƙaga wa maƙwabciyarki cin jini daban.

Abin da ya kamata ki kula da shi shi ne giya: kofi huɗu ake sha a daren, kuma wasu na ɗiga ta a haɗin tuffar. Ki gaya mata tun da wuri. Gidaje da yawa na ajiye ruwan inabi marar sa maye don yara da waɗanda ba sa sha. In za ki riƙa tsaraba, kada ki kai burodi ko kek, ba a shiga da su gidan a makon. Ki kai 'ya'yan itace.